Lauyan da ya koma rubuta labarin laifi da tarihin mutane: amsa ga wani ƙanena

Tambaya: Shekarata uku ina aiki a wani ofishin lauyoyi, amma zuciyata ba ta kotu, tana wajen rubutu. Ina son in riƙa rubuta littattafai a kan manyan laifuffukan da suka auku da gaske, da kuma tarihin rayuwar mutane. Mahaifina ya ce in na bari, karatun da na yi ya tafi a banza. Akwai wanda ya taɓa bin wannan hanya ya kai labari? Kuma me lauya yake da shi da zai amfane shi a can?

Amsa: Ƙanena, akwai, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Amma maimakon in jero maka sunaye, bari in tsaya a kan mutum guda da na daɗe ina bibiyar aikinsa, Ba'amurken nan James B. Stewart. Shi ma shekara uku ya yi a ofishin lauyoyi kafin ya bari, kamar yadda kake shirin yi. Ni kuma da nake ba ka amsar nan, bayan aikin kotu na daɗe ina duba wa marubuta da masu ɗab'i rubutunsu kafin ya fita, ina nemo musu wuraren da za a iya maka su a kotu. Saboda haka rabin abin da zan faɗa maka daga karatu ne, rabi kuma daga abin da ya bi ta hannuna.

Stewart ɗan garin Quincy ne, wani ƙaramin gari a bakin kogin Misisipi a jihar Illinois. Ka riƙe sunan garin nan, za mu dawo kansa. Ya gama digirin farko a jami'ar DePauw a 1973, ya gama karatun lauya a Harvard a 1976, ya samu aiki a Cravath, Swaine & Moore da ke Niyok, irin gidan da manyan kamfanoni kamar IBM suke kai shari'arsu. Wuri ne da ɗaliban lauya suke mafarkin shiga. A 1979 ya bar shi ya koma wata sabuwar mujalla, The American Lawyer, wadda Steven Brill ya kafa don ta riƙa ba da labarin abin da ke gudana a cikin ofisoshin lauyoyi su kansu. A 1983 ya fitar da littafinsa na farko, a kan manyan ofisoshin lauyoyin Amurka, wato ya fara da duniyar da ya sani. A shekarar kuma ya koma jaridar Wall Street Journal. A 1988 shi da abokin aikinsa Daniel Hertzberg suka ci lambar yabo ta Pulitzer saboda rahotanninsu a kan faɗuwar kasuwar hannun jari ta Oktoban 1987 da badaƙalar masu ciniki da bayanan sirri. Littafin da ya fito da sunansa sosai kuwa sai a 1991.

Yi lissafi da kanka: daga 1979 zuwa 1991 shekara 12 ke nan. Wannan tazara ita ce abin da matasan lauyoyin da ke zuwa wurina ba sa son ji, alhali a cikinta ne ya koyi abin da makarantar lauya ba ta koyarwa. Lauya in yana son mutum ya yi magana, sammaci zai sa a kai masa, a rantsar da shi, alƙali ya tilasta masa ya amsa. Marubuci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zai buga waya a kashe, ya je gida a ce ba ya nan, ya koma, ya sake komawa, har ranar da mutumin zai yarda da shi ya ce bisimilla shigo. Ga kuma edita a kansa da jan biro, yana ce masa sakin layi ukun nan na farko duk share fage ne, labarin daga na huɗu ya fara. Mu an horar da mu mu fara da gabatarwa, mu jero hujjoji, mu rufe da roƙon kotu. Alƙali dole ya karanta har ƙarshe domin aikinsa ne. Mai karatu kuwa in ya gaji a shafi na biyu ajiyewa zai yi ya ɗauki wayarsa.

Littafin na 1991, Den of Thieves, wato kogon ɓarayi, babu jini a cikinsa ko ɗigo. Laifin da yake magana a kai shi ne ma'aikacin banki ya san kamfani kaza zai sayi kamfani kaza tun kafin a sanar, ya san farashin hannun jarin zai tashi, sai ya saya a ɓoye ko ya sayar wa wani da labarin. Asirin ya fara tonuwa ne daga wata 'yar wasiƙa marar sa hannu, cikin gurɓataccen Turanci, da aka aika daga Karakas ta ƙasar Benezuwela zuwa kamfanin Merrill Lynch a watan Mayun 1985, tana cewa a binciki wasu dillalai biyu na reshen can. Da aka bi sawu sai aka ga dillalan kwaikwayon cinikin wani banki suke yi a Bahamas, Bank Leu, a bankin kuma akwai wani mai ajiya guda da kusan duk abin da ya saya sai ya tashi. Wannan mai ajiya shi ne Dennis Levine na kamfanin Drexel Burnham Lambert. An kama shi a watan Mayun 1986 bisa ribar dala miliyan 12.6. Da wuya ta yi wuya ya ambaci Ivan Boesky, wani hamshaƙin mai cinikin hannun jari. Boesky ya amince a watan Nuwamban 1986 zai biya dala miliyan 100, ya kuma riga ya naɗi maganganun abokan harkarsa a ɓoye ya ba hukuma. Ta bakinsa aka kai ga wani ma'aikacin banki, Martin Siegel, wanda ya taɓa karɓar kuɗi cike da jaka a zauren otal ɗin Plaza bayan shi da ɗan aike sun yi musayar kalmar sirri, aka kuma kai ga babban kifin, Michael Milken na kamfanin Drexel. A 1990 Milken ya amsa laifi shida, ya biya dala miliyan 600, aka yanke masa shekara 10, daga baya aka rage, ya yi kusan biyu. Drexel kansa ya durƙushe a watan Fabrairun shekarar.

Jaridu sun ba da waɗannan labarai gutsi-gutsi a lokacin da suke faruwa. Abin da Stewart ya yi shi ne ya ɗinke su suka zama labari guda, kuma a nan ne karatunsa na lauya ya yi masa rana. Mutumin da ya saba zama da tulin takardu ba ya tsoron kundin shari'a mai shafi dubbai. Ya san inda ake ɓoye magana a cikin yarjejeniyar amsa laifi. Ya san zargi daban, tuhuma daban, hukunci daban, abin da marubuta da yawa suke cakuɗawa har su jawo wa kansu. Wannan jari ne babba, kuma kai ma kana da shi.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, littafin nan yana da wurin da nake ɗari-ɗari da shi. Stewart yana sake gina hirar da aka yi a ɗaki shekaru baya, kalma da kalma, kamar yana wurin, ya dogara da abin da waɗanda suka halarta suka tuna. Ɓangaren Milken sun yi wa littafin ca, suna cewa ya jingina da yawa ga mutanen da suka ba gwamnati haɗin kai don a sassauta musu. Ko ba ka yarda da su ba, kai lauya ne, ka san shaidan da ke neman sassauci yana da dalilin ƙawata magana. Wani lauya ma, Michael Armstrong, ya kai ƙarar Stewart da kamfanin ɗab'insa bisa ɓata suna saboda wani ɗan sashe na littafin, shari'ar ta ɗauki shekaru kafin kotu ta kore ta. Shawarata gare ka ita ce duk maganar da ba ka da ita a rubuce ko a naɗe, ko daga bakin mutum biyu da ba su haɗa baki ba, kada ka sa ta cikin alamar zance. Ka ce wane ya tuna cewa an ce kaza.

Littafinsa da na fi so ka nema shi ne Blind Eye na 1999, wanda ya ci lambar Edgar ta labarin laifi na gaskiya a 2000. A kan wani likita ne, Michael Swango, wanda shi ma a Quincy ya tashi. Bari in ba ka labarin da ɗan tsawo, domin a cikinsa za ka ga bambancin marubucin kirki da mai tallan jini.

Tun yana makarantar likita a kudancin Illinois aka kama Swango yana cike takardun duba marasa lafiya ba tare da ya duba su ba. Aka so korarsa, aka ƙare da ƙara masa shekara, ya fita da takardarsa a 1983. Ya samu gurbin horo a asibitin jami'ar jihar Ohayo. A can ma'aikatan jinya suka lura marasa lafiya suna mutuwa ba zato a ɓangaren da yake, har a farkon 1984 aka gan shi yana zuba wani abu a robar ƙarin ruwan wata mata, nan take numfashinta ya tsaya, da ƙyar aka ceto ta. Asibitin ya yi binciken cikin gida, manyan likitoci suka ɗauki maganar ɗan'uwansu likita sama da ta ma'aikatan jinya, ba a kira 'yan sanda ba, aka wanke shi. Ba su sabunta masa gurbin ba, amma ya samu lasisin aikin likita na jihar. Ya koma Quincy yana aiki da motar ɗaukar marasa lafiya, sai abokan aikinsa suka riƙa amai da ciwon ciki duk lokacin da ya kawo musu kayan ƙwalama ko abin sha. Suka kai shayin da ya taɓa aka gwada, aka samu gubar arsenik, irin wadda ke cikin maganin tururuwa. A 1985 aka yanke masa shekara biyar, ya fito a 1987.

Za ka ce ai shi ke nan, wa zai sake ba mutumin da aka ɗaure kan sa wa mutane guba amanar marar lafiya? A 1992 ya samu gurbi a wani asibitin koyarwa a Dakota ta Kudu, da takardun jabu da ƙaryar cewa faɗa ne ya kai shi gidan yari. Aka gano, aka sallame shi. A 1993 ya sake samun gurbi a Niyok, aka tura shi asibitin tsofaffin sojoji na Northport, marasa lafiya suka mutu a hannunsa. Aka sake ganowa, aka sake sallama. Wannan karon shugaban makarantar likitan da ta ɗauke shi ya rubuta wa makarantun likita na ƙasar gargaɗi. Da ƙofofin Amurka suka rufe, sai ya nufo Afirka. A ƙarshen 1994 ya sauka a Zimbabuwe, asibitin mishan na Mnene ya karɓe shi hannu bibbiyu, domin asibitin karkara ne mai ƙarancin likitoci, ga Bature daga Amurka ya zo da kansa yana neman aiki. Nan ma mutane suka fara mutuwa, har aka dakatar da shi a 1995. Wannan ɓangaren yana taɓa ni ƙwarai, domin talakan da ke kwance a gadon asibitin ƙauye ba shi da hanyar sanin tarihin mai farar rigar da ke tsaye a kansa. Sai a watan Yunin 1997 aka kama shi a filin jirgin saman Shikago, yana kan hanyarsa ta zuwa wani aikin asibiti a Saudiyya.

Marubucin da ke neman kasuwa kawai zai cika littafin da gawa da allura da kallon idon makashi. Stewart ya juya fitilarsa wajen waɗanda suka bar shi ya wuce: kwamitin da ya ji tsoron a kai shi ƙara, shugabannin da suka fi damuwa da sunan asibiti, hukumomin da ba su tuntuɓi juna ba, rumbun bayanan likitoci masu laifi da jama'a ba su da ikon leƙawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, shi kuma a kan tsagar ya yi littafinsa. Idon lauya ne ke ganin wannan, domin mu aka koya wa tambayar wa ke da alhakin kulawa, yaushe ya sani, me ya yi da ya sani.

Ga kuma wani abu da ya kamata ka lura da shi. Lokacin da littafin ya fito a 1999, babu kotun da ta samu Swango da laifin kisa. Zaman da yake yi a lokacin na shekara uku da rabi ne, kan ƙaryar da ya yi wajen neman aiki, kuma ana sa ran sakinsa a tsakiyar 2000. Wato Stewart ya rubuta littafi sukutum a kan mutumin da doka ba ta riga ta kira makashi ba. Irin wannan rubutu ba ya yiwuwa sai kowace jimla tana da abin da ta taka: wa ya gani, a ina aka rubuta, me shi wanda ake zargi ya ce. Gab da sakinsa aka tuhume shi da kisa, a watan Satumban 2000 ya amsa kashe mutum uku a Northport aka yi masa ɗaurin rai da rai, daga baya ya amsa na huɗu, wata budurwa 'yar shekara 19 a Ohayo. Masu bincike suna zargin adadin ya kai kusan 60, amma huɗu ne aka tabbatar a kotu, kuma marubuci mai amana dole ya raba waɗannan lambobi biyu duk lokacin da ya ambace su.

Tarihin rayuwa kuma wata gona ce daban. A labarin laifi akwai kundin shari'a da zai riƙe maka hannu. Rayuwar mutum ba ta da takardar tuhuma. Stewart ya shiga wannan fage a 2002 da Heart of a Soldier, tarihin Rick Rescorla, wanda aka haifa a 1939 a garin Hayle na yankin Cornwall a Ingila. Ya yi sojan Birtaniya, ya yi ɗan sanda a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, ya koma sojan Amurka ya yi yaƙin Ia Drang a Biyetnam a 1965, daga baya shi ma ya yi karatun lauya. Ya ƙare a matsayin shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a dogon benen kudu na cibiyar kasuwanci ta duniya a Niyok. Tun kafin harin bam na watan Fabrairun 1993, shi da amininsa Dan Hill, wanda suka haɗu tun a Afirka kuma daga baya ya musulunta, sun nuna cewa wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ginin a buɗe yake ga mai mugun nufi, kuma ta nan ɗin aka shigo da bam ɗin. Daga nan ya tilasta wa ma'aikata, har da manyansu, atisayen sauka ta matakala a kai a kai. Ranar 11 ga Satumban 2001, da jirgi ya daki benen arewa, aka yi sanarwa cewa na benen kudu su zauna a wurarensu. Ya ƙi. Ya ɗauki lasifika ya fitar da mutanensa kusan 2,700, yana rera musu waƙoƙin garinsu don kada su firgita. Ya koma sama neman waɗanda suka rage, benen ya rufta, ba a ga gawarsa ba.

Irin wannan littafi ba a samunsa da tambayar ƙure. Sai matar mamaci da amininsa sun yarda da kai sun buɗe maka wasiƙu da abin da ke zukatansu, alhali raunin ko shekara bai yi ba. A kotu muna tambaya ne don mu kai shaida inda muka riga muka shirya. Mai rubuta tarihi yana tambaya ne bai san inda amsar za ta kai shi ba, kuma dole ya iya yin shiru ya bar mutum ya yi kukansa ya gama.

Wannan ya kawo ni ga abin da za ka ajiye a ƙofar kotu in za ka shiga wannan sana'a. Lauya yana da ɓangare. An ɗauke ka ne ka tsaya wa mutum, ka fito da abin da zai taimake shi, ka bar wa ɗaya lauyan ya fito da saura. A littafi babu ɗaya lauyan. In ka ɓoye abu, babu mai tashi ya ce bai yarda ba. Wani matashin lauya ya taɓa kawo min rubutunsa a kan wani kisa da aka yi a garinsu. Rubutun ya yi kyau, amma da na karanta kwafin shari'ar sai na ga akwai shaidar da ta ce ta ga wanda ake tuhuma a wani wuri daban a daren, shi kuma ko ambatonta bai yi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ai za ta raunana labarin. Da zuciya ɗaya ya faɗa, domin haka aka koya masa aiki. Na ce masa a kotu wannan dabara ce, a littafi kuwa cin amanar mai karatu ne, kuma zalunci ne ga mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa.

Akwai wata hanyar, ta Vincent Bugliosi, mai gabatar da ƙarar da ya gurfanar da Charles Manson da mabiyansa kan kashe mutum bakwai cikin dare biyu a Los Anjeles a watan Agustan 1969. An same su da laifi a 1971, shi kuma a 1974 ya fitar da Helter Skelter tare da marubuci Curt Gentry, aka sayar da miliyoyi. Amma ka lura, ya jira shari'a ta ƙare, ya nemi gogaggen marubuci ya kama masa, kuma mai karatu ya san daga shafin farko cewa muryar mai gabatar da ƙara yake ji. Kai da kake ofis mai zaman kansa, wannan ƙofar kusan a rufe take gare ka. Abin da wanda kake karewa ya faɗa maka amana ce. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana ka bayyana shi, ya kuma ce hanin yana nan ko bayan aikin ya ƙare, ƙa'ida ta 19 ta ɗa'ar aikin lauya ma haka ta ce. Fayilolin da ke kabad ɗin ofishinku ba jarinka ba ne, ko da ka canza sunaye, domin a garuruwanmu kowa ya san kowa.

Kada kuma ka ɗauka kariyar da Stewart yake da ita kana da ita. A Amurka, tun hukuncin kotun ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati ba ya cin shari'ar ɓata suna sai ya nuna marubucin ya san ƙarya ce ko bai damu ya bincika ba, daga baya aka faɗaɗa wannan ya haɗa da fitattun mutane. A nan Najeriya kai ne za ka tabbatar wa kotu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Bugu da ƙari ɓata suna laifi ne da ake ɗauri a kansa: sashe na 391 da na 392 na tsohon kundin Final Kod na Arewa sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, kuma a ƙarƙashinsu gaskiya kaɗai ba ta isa ba sai in faɗarta tana da amfani ga jama'a. Ka ga abin da ya faru da Barista Dele Farotimi a watan Disamban 2024, da aka kama shi a Legas aka kai shi Ekiti bisa ƙorafin Cif Afe Babalola kan littafin da ya rubuta game da harkar shari'a a Najeriya. Ya yi makonni a tsare, sai a watan Janairun 2025 aka janye maganar bayan Ooni na Ife da wasu sarakuna sun sa baki. Ba hukunci nake yankewa kan wa ke da gaskiya a tsakaninsu ba, ina nuna maka irin ƙasar da za ka taka ne. Abin da doka ta ba ka kariya a kansa sosai shi ne rahoto na gaskiya da adalci a kan abin da aka faɗa a buɗaɗɗiyar kotu. Saboda haka ka fara da shari'ar da ta ƙare har matakin ɗaukaka ƙara, ka nisanci wadda ke gaban alƙali.

Bayan doka akwai abin da ya fi doka nauyi a wurinmu. Wanda aka kashe yana da uwa, wanda ya yi kisan ma yana da 'ya'ya da za su nemi aure a garin nan. Kafin ka tona wani abu ka tambayi kanka wa zai amfana da tonon. In amsar ita ce zai nuna inda hukuma ta yi sakaci don kada a sake, rubuta. In don a ji daɗin karatu ne kawai, rufin asiri ya fi. Sunan yaro ƙarami ko macen da aka ci wa zarafi kuwa kada ya shiga littafinka ko da kowa ya sani.

Kayan aiki kuwa muna da su jibge ba mai taɓawa. Ka ɗauki rikicin Maitatsine na Kano a watan Disamban 1980, wanda kwamitin Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya bincika, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun mutu. An taɓa korar Maitatsine kansa daga Kano a 1962, ya dawo, ya yi shekaru yana tara jama'a a 'Yan Awaki a idon kowa. Wa ya sani, yaushe ya sani, me ya yi? Tambayar Stewart ce sak. Ga Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga tsofaffin jaridu, ga dattawan da suka gani da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Maganar Baba kuma, ka saurare shi da ladabi, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Littafi ba ya ciyar da gida da wuri. Stewart kansa duk tsawon shekarun nan yana da wani aikin a hannu: editan shafin farko a Wall Street Journal har 1992, rubutu a mujallar New Yorker, koyarwa a makarantar aikin jarida ta jami'ar Columbia, da shafin da ya fara rubutawa a New York Times a 2011. Inda ban yarda da Baba ba shi ne cewa karatun zai tafi a banza. A 2011, shekara 32 bayan barinsa Cravath, Stewart ya fitar da Tangled Webs, littafi guda a kan ƙarya bayan rantsuwa da yi wa masu bincike ƙarya. A ciki har da shari'ar 'yar kasuwar nan Martha Stewart, wadda suna kawai suka haɗa, da aka ɗaure wata biyar bayan hukuncin 2004 saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike, ba saboda cinikin hannun jarin da aka fara bincikenta a kai ba. Wanda bai taɓa zama ya ga yadda shari'a take rushewa in shaida ya yi ƙarya ba, da wuya ya ga littafi a cikin wannan batu.

Saboda haka kada ka ajiye aiki bana. Ka ci gaba da biyan kuɗin lasisinka. Ka zaɓi shari'ar kisa ko ta zamba guda ɗaya da ta ƙare, wadda ofishinku bai taɓa sa hannu a ciki ba, ka je rajistarar kotu ka nemi kwafin da aka tabbatar na duk zaman da hukuncin. Ka karanta shi sau biyu, ka nemi mutum uku da abin ya shafa, ɗaya daga kowane ɓangare da ɗaya daga waɗanda suka bincika, ka zauna da su ba da rigar lauya ba, ka kuma gaya musu tun farko cewa bugawa za ka yi. Sannan ka rubuta abin da bai wuce shafi goma ba, da Hausar da mahaifiyarka za ta gane in an karanta mata. In ka gama, turo min rubutun tare da kwafin shari'ar, zan ajiye su gefe da gefe in bi su jimla bayan jimla.